Makarantar ƙauyenmu a Ayowa da mutum biyar ɗin da ke riƙe da ita

Duk wanda ya ji an ce Amurka abin da ke fara zuwa masa a rai dogayen benaye ne da titi hawa kan hawa, shi ya sa in na ce wa mutane a ƙauye muke zaune sai su ɗauka wasa nake ko ƙanƙan da kai. Wallahi ƙauye ne na sosai. A jihar Ayowa muke, can tsakiyar ƙasar, inda in ka fita bayan gari ba abin da idonka zai gani sai masara da waken soya har iyakar gani, sai rumbunan ƙarfe na hatsi da manyan fankokin nan masu ba da lantarki da iska. Garin namu ko danja ɗaya babu. Aikin Abban yara ne ya kawo mu, likita ne, akwai wani tsari da ake kira Conrad 30 wanda ke bai wa kowace jiha damar riƙe likitoci baƙi 30 a shekara bisa sharaɗin su yi shekara 3 suna aiki inda ake ƙarancin likita, to ta nan muka faɗo. Cikin duk abin da na tarar a nan ba wanda ya ɗaure mini kai kamar yadda suke tafiyar da makarantar gwamnati.

Farko dai gwamnatin tarayya ba ta da hannu a mallakar makarantar da yarana ke zuwa. Kundin tsarin mulkin ƙasar ko ambaton ilimi bai yi ba, an bar wa jihohi, su kuma jihohin suka yanyanka ƙasarsu gunduma gunduma, kowace gunduma da makarantunta da hukumarta da kasafin kuɗinta da ikon ɗora wa mutanenta haraji. Akwai irinsu wajen 13,000 a faɗin ƙasar. Jihar Hawai guda ɗaya tal gare ta, Teksas tana da sama da 1,000, mu a Ayowa sun ɗan haura 300. Wata gundumar kamar ta birnin New York ɗalibanta sun kusa miliyan, tamu kuwa in ka tara kowa da kowa daga 'yan rabin aji zuwa masu shirin fita sakandare ɗakin wasanninmu zai ɗauke su har wuri ya rage. Kuma iyakar gundumar ba ta bin iyakar gari ko ta ƙaramar hukuma, za ka ga gida biyu titi ɗaya ne tsakaninsu amma bas daban ke ɗaukar yaransu.

Tamu ƙauyuka uku ne aka haɗa, sunanta ma harafin farko na kowane ƙauye aka ɗauko aka jera, haka da yawa suke a jihar nan. Firamare tana garinmu, sakandare tana gari na biyu, na uku kuwa Allah sarki, ginin makarantarsu na jan bulo yana nan tsaye a rufe, tagogi an buga musu katako, ciyawa ta cinye filin wasa. Shekaru sun shuɗe da rufe ta amma har yau in ka taɓo zancen a gaban tsofaffin garin sai fuskarsu ta canza.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da takan shigo shan shayi, ita ta fara ba ni labarin yadda abin yake da. Ta ce a makaranta mai ɗaki ɗaya ta fara karatu, malama ɗaya, yara tun daga aji ɗaya har aji takwas duk a ɗaki guda, malamar ce mai hura murhu da safe ita ce mai shara, in tana yi wa manya lissafi ƙanana suna kwafar rubutu a allo. Asalin abin ya koma 1785, tun kafin a rubuta kundin tsarin mulkin, lokacin da aka yi dokar auna ƙasar yamma a yanka ta murabba'i murabba'i, mil 6 kowane gefe, kowanne a raba shi gida 36, kashi na 16 a ware shi don makaranta. Shi ya sa in kana cikin jirgi ka leƙo za ka ga ƙasar tamkar da rula aka zana ta. A Ayowa kusan kowane mil 2 sai da aka kafa irin wannan makaranta don yaro ya iya zuwa da ƙafa, wajen 1900 sun fi 12,000 a jihar nan kaɗai. Sai tarakta ta zo. Gonar da gidaje da yawa ke nomawa da can yanzu mutum ɗaya da injinsa ya ishe ta, gidaje suka ragu, yara suka ragu, ga titi ga mota, aka fara haɗe makarantu. Wajen 1940 gundumomin ƙasar sun kai 117,000. A 1959 wani tsohon shugaban jami'ar Harvard mai suna James Conant ya fito ya ce duk sakandaren da ba ta yaye ɗalibi 100 a shekara ta yi ƙanƙanta, maganarsa ta yi tasiri ƙwarai wurin masu tsara manufofi. Ayowa da ke da gundumomi sama da 4,000 a farkon shekarun 1950 kafin ƙarshen shekarun 1960 ba su kai 500 ba. Sai kuma rikicin bashin manoma na shekarun 1980 ya zo ya ƙara kwashe mutane, banki na karɓe gona iyali na tattara kaya. In da ma'aunin Conant za a bi, tamu sakandaren da tuni an sa mata kwaɗo.

To yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce uwar komai.

Ranar 1 ga Oktoba ake ƙidayar ɗalibai a jihar nan, adadin da aka samu ranar shi ke yanke kuɗin da gunduma za ta samu a shekara mai zuwa. Kowane yaro kansa wajen dala 8,000 ne a shekarun nan. Ka lissafa da kanka, gida ɗaya mai yara huɗu in suka tashi suka koma Des Moines, babban birnin jihar, sama da dala 30,000 sun tafi ke nan, fiye da rabin albashin sabon malami, tunda dokar 2024 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin malami zuwa dala 50,000 a hankali. Amma tafiyar yaran nan huɗu ba ta rage komai a kashe kuɗi ba, bas dai sai ta bi hanyar nan saboda sauran yaran, hita sai ta ɗumama ginin gaba ɗaya, ajin da ya ragu da yaro ɗaya yana nan yana buƙatar malaminsa. Ranar da na je sa yarana uku sakatariyar ofis har tasowa ta yi daga kujera tana murna, ta kira firinsifal ya fito ya gaishe mu, ta tambaya ko akwai ƙarami a gida da bai isa shiga ba. Mutanen kirki ne ba shakka, amma fa lissafi ma yana ciki, ita da kanta ta faɗa mini daga baya tana dariya.

Kuɗin kansa daga wuri uku yake fitowa. Jiha na ba da kaso mai tsoka, mutanen gunduma na biyan harajin gida da gona, tarayya kuma in aka duba ƙasar baki ɗaya abin da take sawa bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, yawanci na yaran talakawa ne da masu buƙata ta musamman da abincin rana. Kuɗin yaran talakawan ya samo asali daga dokar da shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965, kuma bai sa hannun a fadar gwamnati ba, komawa ya yi ƙauyensu a Teksas gaban makaranta mai ɗaki ɗaya da ya fara shiga, malamarsa ta farko na zaune gefensa. Akwai kuma ɗan tallafi na daban da tarayya ke bai wa gundumomin karkara masu ɗalibai ƙasa da 600, muna cikinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne harajin kadara, don ƙasa ba darajarta ɗaya ba. A 1973 an kai wannan magana har kotun ƙoli daga birnin San Antonio, iyayen wata unguwar talakawa suka ce ba adalci ba ne ilimin ɗansu ya rataya kan tsadar gidajen unguwarsu, alƙalai 5 suka ce kundin tarayya bai hana ba, 4 suka ce ya hana, aka bar kowace jiha ta ji da nata. Ayowa gaskiya ta yi ƙoƙari wajen daidaita kuɗin karatu na yau da kullum, jiha na cike giɓin gundumar da ƙasarta ba ta da daraja sosai. Amma in aka zo gini sai bambanci ya fito, gundumar da aka kafa wa fankokin lantarki da yawa ko wata babbar masana'anta harajinta ya kumbura, maƙwabciyarta kuma tana ta faci a rufin da aka yi tun zamanin kakanni.

Ga kuma gasa. Tun ƙarshen shekarun 1980 doka ta yarda iyaye su ɗauke ɗansu su kai wata gundumar, kuɗinsa ya bi shi. Uwa na aiki a babban gari sai ta ga ya fi mata sauƙi ta tafi da yaran can, ko yaro ya yi faɗa da koci, shikenan an rasa shi. A 2023 gwamna Kim Reynolds ta sa hannu a dokar da ke bai wa iyaye kwatankwacin wannan kuɗi su biya makarantar kuɗi da shi. A birni ana iya cewa zaɓi aka ba mutane, ban musa ba. A nan wurinmu makarantar kuɗi mafi kusa tafiya ce mai nisa kuma ta coci ce, yawancinmu ba amfanin da tsarin ya yi mana, sai dai muna kallo asusun jihar da muke jira ya ƙara mana yana rabuwa gida biyu.

Su wa ke riƙe da duk wannan? Mutum biyar. Zaɓensu ake yi a watan Nuwamba na shekarar da ba ta rabuwa biyu, wa'adin shekara 4, kuma ko sisi ba a biyansu. A tamu hukumar akwai manoma, akwai ma'aikaciyar jinya da ke aiki da Abban yara, akwai mai sayar da kayan gyaran tarakta. Su ke ɗaukar sufritanda, wato shugaban gundumar, su ke sallamarsa, su ke amincewa da kasafi da kalandar shekara da ɗaukar kowane malami. Sufritandan namu ma rabi muke da shi, rabin mako yana wurinmu rabi yana gundumar maƙwabta, jiha na ƙara wa gundumomi ɗan kuɗi in suka yi irin wannan tarayya. Zamansu wata wata ne a laburaren sakandare da daddare, kuma doka ta tilasta ƙofa a buɗe, kowa na iya shiga ya zauna.

Nakan je. Ka ga teburan karatu an haɗa su, kujerun yara ƙanana manya sun takure a kai, wani da hular masara da takalmin gona bai ko cire laka ba saboda daga kan injin girbi ya sauko. Ba wani babban zance ake yi ba yawanci, wane kamfani ya kawo farashin madara mafi sauƙi, man dizal nawa za a saya kafin sanyi, tukunyar ɗumama ginin firamare za ta ƙara shekara ko ba za ta ƙara ba. Abin da ya fi burge ni shi ne doka ta ce sai an buga abin da aka tattauna da jerin duk kuɗin da aka biya a jaridar yankin, albashin ma'aikata ma sau ɗaya a shekara sai an buga shi suna da adadi. Akwai wani dattijo da ba ya fashin zama, jaridar yake zuwa da ita a naɗe ya ja layi da biro, in aka ba jama'a dama sai ya miƙe ya ce ya ga an sayi tayoyin bas a wuri kaza, me ya sa ba a saya wurin na garin nan ba. Sufritanda da digirinsa da komai dole ya buɗe fayil ya yi masa bayani, kuma ba da fushi ba. Gobe da safe za su haɗu a gidan mai suna shan kofi. Ina ganin wannan shi ne ƙarfin ƙaramar gunduma, ba wanda zai iya ɓoyewa bayan ofis, mai yanke hukunci kan ɗanka nasa ɗan yana zaune kusa da shi a aji.

Amma kusancin nan kaifi biyu gare shi. In malamar da ba ta iya koyarwa ba matar ƙanin ɗan hukuma ce, to sai dai haƙuri, kowa ya sani ba mai faɗa. In yaro ya yi abin kunya a aji uku har ya gama sakandare da shi za a riƙa tuna shi, ba wani sabon aji da zai koma ya fara rayuwa daga farko. Baƙo kuma yana daɗewa yana baƙo. Akwai iyalai 'yan Meziko da Gwatamala da ke aiki a gonakin kiwo da mayanka, yaransu ne ma suka hana ƙidayar 1 ga Oktoba faɗuwa ƙasa warwas, amma da wuya ka ga ɗayansu a zaman hukuma, wasu aikin dare suke, wasu Turancin ne babu, wasu tsoro. Kotun ƙoli tun 1982 ta ce ba a hana yaro makarantar gwamnati don iyayensa ba su da takardu, makaranta kuwa tana karɓarsu hannu biyu, sai dai muryarsu ba ta kai teburin ba tukuna.

Bas kuwa duniya ce guda. Launin ruwan ɗorawar nan da kuke gani a fim an tsayar da shi ne a 1939 a wani taro da wani malamin jami'a mai suna Frank Cyr ya kira a jami'ar Columbia, shi kansa ɗan ƙauyen Nebraska ne, an zaɓi launin don ya fi fitowa da asuba da magariba. Mu da muke cikin gari da ƙafa ƙaramin ke zuwa, manyan biyu ke hawa bas zuwa gari na biyu, amma akwai abokansu na gona da ake ɗauka tun duhu bai washe ba su yi kusan awa guda kan burji kafin su iso. In bas ta tsaya ta miƙo alamar tsayawa kowa sai ya tsaya, na baya da na gaba, tun 2012 aka tsananta hukuncin bayan mota ta kashe wata ƙaramar yarinya tana tsallakawa. Direba ya fi malami wuyar samu, tsofaffin manoma ne ke yi kuma suna ƙarewa, akwai ranar da na ga sufritanda da kansa a kan sitiyari. Lokacin sanyi shi ne ke fita tun kafin asuba ya zaga burji da motarsa ya ga ko bas za ta iya wucewa, sai ka ji tes ya shigo, an jinkirta awa biyu, ko an rufe yau. Yarana har addu'a suke dusar ƙanƙara ta sauko da daddare. Wani abin mamaki kuma, yaro ɗan shekara 14 da rabi na iya samun lasisi na musamman ya tuƙa kansa makaranta, ka ga ɗan yaro kansa da ƙyar ya wuce sitiyari a cikin ƙatuwar akori kura ta babansa. Babban nawa ya fara kawo mini zancen, na ce masa ya bari tukuna in huce.

Abinci ma sai da muka yi zama a kansa, don Ayowa ce kan gaba a kiwon alade a duk Amurka kuma abin yana shiga ko'ina, cikin fiza, cikin miya, cikin abin karin safe. Na je na sami shugabar kicin, wata mata mai furfura da raga a kanta, na yi mata bayani. Ba ta ce komai ba ta ɗauko jadawalin abinci na wata ta zauna da jan biro tana zagaye duk ranar da akwai shi, har kwalaye ta shiga sito ta ɗauko muna karanta abin da ke ciki tare. Tun daga nan duk farkon wata sai jadawalin ya zo mini a jakar auta da jan zagaye, ranar da aka zagaye in ɗaura musu nasu. Da azumi ya zo ita ta fara tambaya ko manyan na so su zauna a laburare lokacin cin abinci. A babbar makarantar birni na san fom za a ba ni in cike, ƙila ma a fi tsari, amma ba na jin wani zai shiga sito saboda ni.

Inda ƙanƙantar ke cutar yara shi ne wajen darussa, kuma wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Malamin kimiyya ɗaya ne a sakandare, shi ne bayoloji shi ne kemistiri shi ne fiziks, da yamma kuma shi ne kocin kokawa. Fiziks ma shekara ɗaya a yi shekara ɗaya a tsallake. In aka tallata gurbin malamin lissafi sai a yi wata da watanni ba wanda ya nema, matashin da ya gama jami'a ba ya son garin da babu gidan haya mai kyau babu wurin fita, in ya zo ma shekara biyu ya samu na birni ya wuce. Wasu gundumomin karkara a jihohi irin su Montana da Dakota ta Kudu har daga Filifin suke ɗauko malamai. Wasu sun koma karatun kwana huɗu a mako don su ja hankalin malamai, a Kolorado fiye da rabin gundumomi haka suke yi, a nan ma ya fara shigowa, ni dai ban so ba, uwar da ke aiki ranar ta biyar ina za ta kai yaro. Abin da ke ceton manyan ɗalibai shi ne kwalejojin al'umma, guda 15 ne a jihar, yaro na sakandare zai iya ɗaukar darasinsu ta intanet ko ya je can kyauta kuma a lissafa masa in ya shiga jami'a. Yana taimakawa, amma kallon kwamfuta ba ɗaya yake da malami tsaye a kanka a ɗakin gwaji ba.

A ɗaya gefen kuma ba yaron da ke zaman benci. 'Yata da ba ta taɓa riƙe ƙwallon raga ba an sa ta a tim saboda ana neman mutum, tana busa sarewa a badujalar makaranta, tana cikin masu wasan kwaikwayo, har ƙungiyar matasan manoma ta FFA masu shuɗiyar jaket ɗin nan da aka kafa tun 1928 sun ja ta, yanzu ta fi ni sanin cutar masara. Ƙwallon Amurka da ake yi mutum 11 mu mutum 8 muke yi don yaran ba su isa ba. Daren Juma'a in ana wasa a gida garin kaf yana filin, har tsofaffin da jikokinsu sun daɗe da barin jihar, ka ga an kawo su da bargo a cinya. Banki ya koma reshe, kantin kayan miya ya rufe, cocin garin ma limami ɗaya suke rabawa da wasu garuruwa, makarantar ce kaɗai ta rage da ke tara kowa, kuma bayan asibiti ita ta fi ɗaukar ma'aikata.

Shi ya sa zancen gini ya zama rigima. Hukuma ta nemi a ci bashi a gyara firamare, a sa sabuwar hita da lif saboda yara masu keken guragu, a biya a hankali ta ƙarin harajin kadara. A Ayowa irin wannan sai kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a sun yarda. An wuce rabi, ba a kai 60 ba, ya faɗi. Na ji haushi sosai a lokacin, balle mu da muke biyan harajin gida amma girin kad gare mu, wato takardar izinin zama, ba mu da ƙuri'a. Sai dai da na saurari masu cewa a'a ban iya kiransu marowata ba. Manomi mai eka ɗaruruwa shi zai ɗauki mafi nauyin ƙarin, ko shekarar ta yi kyau ko ba ta yi ba, alhali mu masu ɗan gida a gari kaɗan za a ƙara mana kuma mu ke da yaran. Wata bazawara mai zaman fansho ta ce a zaman, ku nuna mini yaran da za su zauna a ginin nan da shekara 20 in sa hannu. Ba wanda ya iya ba ta amsa, don duk wanda ke wurin ya san haihuwa nawa aka yi a garin bara.

Yanzu maganar da ke kan tebur ita ce rabon azuzuwa da gundumar maƙwabta, tsari ne da dokar jiha ta tanada, ba a haɗe gaba ɗaya ba, kowa na riƙe da hukumarsa da firamarensa amma manyan azuzuwa a tura su wuri ɗaya. Kowa ya san yawanci daga nan sai haɗewa. An aiko wa iyaye takardar jin ra'ayi, ni abin da na rubuta shi ne na yarda a haɗa sakandare, don ɗan shekara 16 zai jure awa guda a bas in a ƙarshenta akwai malamin fiziks na gaske, amma firamare a bar ta inda take ko da nawa za ta ci, ɗan shekara 5 ba shi da abin yi a kan burji da duhun asuba. Na kuma rubuta cewa kada a yaudare mu da zancen za a yi tsimin kuɗi mai yawa, albashin shugaba ɗaya za a rage a ƙara na dizal da direba. Na ƙara da roƙon a riƙa samar da tafinta na Sifaniyanci a zaman hukuma.

'Yata ta karanta ta ce Umma duk wannan ba shi ne matsalar ba. Waccan makarantar su ne abokan hamayyarmu tun zamanin kakannin ƙawayenta, su ja suke sawa mu shuɗi, kuma ba ɗan garin nan da zai yarda ya sa ja. Na ɗauka shirmen yara ne sai da na je zaman da ya biyo baya, maganar darussa da bas ba ta ɗauki lokaci ba aka wuce ta, sauran daren kaf a kan launin riga da sunan tim da filin da za a riƙa buga wasan gida aka ƙare, manya da furfurarsu har da buga tebur. An dai kafa kwamiti, rabi daga nan rabi daga can, an ce su kawo launi uku a zaɓa kafin lokacin shuka.